Noman Rani A Gulbin Zamfara: Inji Na Mai Shi, Ruwa Na Jama'a

Duk wanda ya tsaya bakin Gulbin Zamfara cikin watan Agusta, sa'an nan ya komo daidai wurin cikin watan Maris, sai ya yi tsammani ɓatan hanya ya yi. Da damina ruwa ne ja wur, yana tafe da itatuwa da karan gonakin mutane, har wata shekara ya haura gaɓa ya shiga gari, kamar yadda ya yi wa mutanen Gummi a daminar 2024, ya rushe gidaje masu yawa. Da bazara kuwa sai yashi fari fat, da 'yan gurabun ruwa nan da can, yara suna wasa inda dā sai da jirgi. Baƙo ya ce gulbi ya ƙafe. Ɗan gari kuwa ya san nutsewa ya yi, gama in aka tona yashin nan kamu biyu ko uku sai ga ruwa yana tsattsafowa, mai sanyi, garau.

Gulbin nan ya ratsa ƙasar Anka, da ta Bukkuyum, da ta Gummi, ya shiga Jihar Kebbi, ya wuce Jega, ya faɗa Gulbin Sakkwato. Daga kudu da shi kuma ga Gulbin Ka, shi ma yamma ya nufa. Ruwan sama a wannan yanki wata huɗu ne zuwa biyar, sauran watannin shekara ko ɗigo. To, abin da magidanci da 'ya'yansa za su yi cikin waɗannan watanni bakwai shi ne babbar magana. A dā samari cin rani suke tafiya. Daga baya da yawa suka koma ramukan zinariya, kowa kuwa ya san abin da wannan ya jawo a 2010, sa'ad da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum. Saurayin da ke da fangalin albasa goma sha biyar da zai shayar kowace safiya ba shi da lokacin shiga rami, balle daji.

Saboda haka in an zauna da manoman yankin ana zancen noman rani, ba a daɗewa sai wani ya ce, ai abin da ake bukata Gwamnati ta gina musu babban dam kamar na Bakolori, su ma su huta. 'Yan siyasa kuma sun san da wannan, kowane lokacin zaɓe sai an taɓo zancen. Maganar tana da daɗin ji, amma ya kamata a auna ta da kyau kafin a ɗora begen ƙasa uku a kanta. Hanyar da ta fi kusa, ta kuma fi arha, ita ce wadda manoman suka riga suka kama da kansu, watau ƙaramin inji da gajeriyar rijiya a bakin gulbi. Abin da ya rage mata shi ne doka, dokar da masu lambun za su kafa da bakinsu, su tsare ta da hannunsu.

A fara duba Bakolorin, tun da shi ake misali da shi, ga shi kuwa ba nisa. An gina shi a kan Gulbin Sakkwato, cikin ƙasar Maradun, wani kamfanin Italiya mai suna Impresit ne ya yi aikin, aka gama a 1978. An shirya zai shayar da gonaki hekta 23,000, watau wajen eka 57,000, a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Kafin ruwa ya kai gonar kowa sai da tafkin dam ɗin ya cinye gidaje da gonakin dubban mutane. Waɗanda ke cikin filin aikin kuma aka hana su shuka shekara da shekaru ana baje ƙasa da katafila, aka tumɓuke itatuwansu na amfani, diyya ta yi ta jan ƙafa. Da haƙuri ya ƙare manoma suka tare hanyoyi suka tsai da aiki. Cikin watan Afrilu 1980 aka aiko da 'yan sandan kwantar da tarzoma. Hukuma ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba, mutanen wurin da masu bincike suka ce sun haura 300.

Wannan ke nan game da somawa. Game da aikin kansa kuma, kashi biyu cikin uku na filin an shirya shi ne da bututun da ke fesa ruwa sama kamar yayyafi, manyan injuna masu aiki da lantarki ne ke tura masa ruwa. Abin sha'awa ne ranar da aka buɗe. Amma manomin da ke tsaye cikin gonar ba shi ya sayi injin ba, bai san cikinsa ba, ba shi da ikon taɓa shi. In ya lalace sai a rubuta takarda zuwa ofis, ofis ya rubuta wa na gaba da shi, shuka kuwa ba ta san takarda ba, kwana biyar ba ruwa ta kwanta. A hankali injunan suka mutu ɗaya bayan ɗaya, bututu ya yi ƙafa, har ya zama abin da ake shayarwa bai wuce wajen kashi ɗaya cikin uku na abin da aka shirya ba, shi ma ɓangaren da ruwa ke gangarawa da kansa cikin lambatu ne. Mutanen fadamun da ke ƙasa da dam ɗin su ma sun ji a jikinsu, domin ambaliyar da ke kwanta musu kowace shekara ta shayar da shinkafa, ta bar laima don noman rani, ta ragu ƙwarai.

Adalci dai a faɗi cewa an koma an gyara. Tun 2014 Gwamnatin Tarayya ta karɓi rancen Bankin Duniya ƙarƙashin shirin da ake kira TRIMING, aka yashe lambatu, aka sāke waɗansu, filayen da suka yi shekaru a bushe suka sāke ganin ruwa. Amma mai karatu ya lura da abu guda. Babban sharaɗin gyaran shi ne a kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, manoma su riƙa tara kuɗin ruwa da kansu, su yashe ƙananan lambatu, su raba ruwa a tsakaninsu. Watau bayan shekara talatin da 'yan kai, da miliyoyin da ba su ƙirguwa, da rayukan da aka rasa, an dawo kan cewa sai manomi ya riƙe ragama. To, don me mutanen Anka da Bukkuyum da Gummi za su bi doguwar hanya zuwa wurin da suke tsaye yanzu?

Gama shayar da lambu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Zamfara. Kakanni da jigo suka yi, da guga da ƙwarya, suna noma albasa da barkono da taba da rake a garkarsu tun kafin zuwan Turawa. Aibin jigo ɗaya ne, ƙarfin mutum yake ci, ƙato ya wuni yana ja bai shayar da abin da ya wuce 'yar kadada ba. Farin 1973 da na 1984 su suka tuna wa hukuma da fadama. Cikin shekarun 1980 hukumomin raya aikin gona na jihohin Arewa suka shiga sayar wa manoma ƙananan injunan fetur, masu bakin inci 2 da inci 3, suka kuma koya wa mutane haƙa rijiyar bututu. Dabarar ba wuya. Ana kafa bututu a yashi, a tura ruwa cikinsa da ƙarfin inji, ruwan ya riƙa wanke yashin yana fitowa da shi, bututu yana nutsewa, kafin azahar an sami rijiya. Daga 1993 shirin Fadama na farko ya bazu da wannan aiki, na biyu da na uku suka biyo baya. Yau ko ba shirin kowa, akwai samarin da sana'arsu ke nan, akwai makanikai a kowace kasuwa da za su kwance injin nan su ɗaura ido rufe, kayan gyaransa kuma suna kan tebur a bakin tasha.

Abin da ya raba wannan inji da na Bakolori shi ne mai shi yana kwana kusa da shi. In ya yi tari da dare, da asuba yana bisa babur zuwa wurin makaniki. Mutum uku su haɗa kuɗi su saya, ko mai shi ya shayar da nasa ya ba maƙwabci haya. Ba a tashi kowa daga gidansa ba, ba a nutsar da kabarin kakan kowa ba. Ƙasar Bangaladash ta ga amfanin wannan. A 1988 gwamnatinsu ta sassauta dokokin shigo da ƙananan injuna, manoma suka saya da kuɗinsu, har shinkafar rani ta zo ta fi ta damina yawa a ƙasar. Nan kusa kuma, bayan farin 1984 Shugaba Seyni Kountché ya tsaya kai da fata kan noman rani a Nijar, albasar Galmi da ta kwarin Madawa kuwa, wadda ake loda wa manyan motoci zuwa Ankara da Abijan, mafi yawanta daga rijiyoyin masu lambu take fitowa.

Amma fa kada a ɗauka hanyar nan ba ta da rami. Tana da shi, ga shi kuwa. Irin wannan inji zuƙo ruwa yake yi, ba turo shi yake daga ƙasa ba, kuma duk injin da ke zuƙo ruwa, kome ƙarfinsa, kome tsadarsa, ba ya iya ɗaga shi daga zurfin da ya wuce kamar mita 7 ko 8, watau wajen ƙafa 25. Wannan ba laifin maƙeri ba ne, haka Allah ya yi nauyin iska. Ruwan da ke cikin yashin kuwa ba teku ba ne. Ajiyar damina ce, abin da ambaliya ta zuba shi ke nan sai wata shekara. A wajen Anka da Bukkuyum ma dutse ne a ƙarƙashi, fadamar siririya ce, da an bar bakin gulbi kaɗan sai a yi ta haƙa ba a sami abin kirki ba. Sai an gangara wajen Gummi ƙasa ke sākewa, fadama ta yi fāɗi. Injin inci 3 kuwa, in ruwa na kusa, yana iya zuba lita 1,000 cikin minti ɗaya. A lissafa injuna hamsin a gaɓa ɗaya, kowa ya tayar da nasa da hantsi.

Abin da ke faruwa shi ne, cikin Disamba da Janairu kowa na murna. Ruwa na kusa, sanyi ya hana ƙasa bushewa da wuri. Cikin Fabrairu sai a ga inji yana shan iska. Mai ƙarfi ya haƙa rami ya saukar da injinsa ƙasa don ya kusanci ruwan, ko ya sāke rijiya mai zurfi dab da ta maƙwabcinsa. Maƙwabcin ya wayi gari tasa ta ƙafe. Cikin Maris, daidai lokacin da albasa ke ƙosawa, shinkafa ke fid da kai, zafi ya sauko, shuka na neman ruwa ninki biyu, ruwan kuwa ya gudu ƙasa da inda inji ke kaiwa. Wanda ya ci bashi ya sayi taki da iri da fetur wata uku, sai ya tsaya yana kallon abinsa yana ƙonewa saura mako uku ya girbe. Ba wanda ya yi sata, ba wanda ya karya dokar kowa, gama babu dokar. Kowa da injinsa ya ja, cikin gonarsa. Sai dai ƙwaryar da suke sha ɗaya ce.

Tsadar fetur ta ɗan rufe wannan rami, amma ta wata muguwar hanya. Kafin a janye tallafin mai a watan Mayu 2023 lita a farashin hukuma ba ta kai naira 200 ba, a ƙarshen 2024 kuwa ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Masu ƙaramin ƙarfi suka rage fili, waɗansu suka jingine injin. Masu dabara suka mai da nasu ya koma aiki da iskar gas ta girki. Masu hali kuma suka koma injin hasken rana, wanda in an saya an gama, ba kuɗin mai. Lalle abin alheri ne, ana kuma fata ya yi arha ya kai ga talaka. Amma a tuna, dā kuɗin fetur ne ke sa mutum ya kashe inji da zarar fangali ya cika. Ranar da ruwa ya zama kyauta daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, me zai sa ya kashe? Waɗansu irinsa kuma cikin rijiyar ake zura su, ba ruwansu da iyakar mita 8, suna iya bin ruwa ƙasa su bar masu injin fetur a bushe. Jihar Panjab ta Indiya, inda aka ba manoma lantarki kyauta don ban-ruwa, yau kukan da take yi ke nan, ruwan ƙasa na ta gudu kowace shekara.

To, wa zai kafa dokar? Mai saurin baki zai ce Gwamnati. Amma ma'aikacin da ke Gusau bai san rijiyar wane ce ta fara ƙafewa bara ba, ba kuwa zai zo da tsakar dare ya ga wanda ya tayar da inji ba ranarsa ba. Maƙwabci shi ya sani, shi ke jin ƙarar injin daga kan shimfiɗarsa. Wata malama Ba'amurkiya, Elinor Ostrom, wadda aka ba lambar Nobel ta fannin tattalin arziki a 2009, ta bi diddigin wannan a ƙasar Nepal ita da abokan aikinta. Suka tarar lambatun da manoma suka gina da laka da duwatsu, suke kuma mulkinsu da kansu, sun fi na siminti da hukuma ke riƙe da su kai ruwa ga mutumin da ke can ƙarshen layi. Dalili kuwa, na farkon layi yana bukatar hannun na ƙarshe ranar gyara, don haka ba ya iya cin zalinsa. A birnin Balansiya na ƙasar Sifen har yanzu kowace Alhamis da tsakar rana manoma takwas da 'yan'uwansu suka zaɓa sukan zauna a ƙofar babbar majami'ar garin su yanke shari'ar ruwa, da baki, nan take, ba lauya ba takarda. Malaman ƙasar nan ma ba sai an kai su Turai ba. Cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai babin hukuncin ruwa, inda aka nuna na sama yana tsare ruwa gwargwadon idon sawu ne sa'an nan ya sakar wa na ƙasa, aka kuma hana mutum ya hana rarar ruwa.

Wani zai ce ai an yi ƙungiyoyin a zamanin shirin Fadama, ina suke? Tambaya ce mai kyau. Waɗansu suna nan suna aiki, Allah ya ƙara musu albarka. Amma da yawa an kafa su ne don a karɓi kaya. Aka ce ba a ba mutum ɗaya inji sai ƙungiya, sai aka tara sunaye, da na ƙane da na suruki da na wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, aka yi rajista, aka buɗe asusu a banki. Ranar da kaya suka ƙare ƙungiya ta watse. Wadda ake magana a nan dabam ce. Ba ta bukatar hatimi ko babban allo a bakin hanya. Iyakarta iyakar ruwan, watau mutanen da ke sha daga gaɓa ɗaya ko tafki ɗaya, ko su ashirin ne ko sittin, da mai gona da ɗan haya da mai aro, har da matan da ke da 'yan fangalinsu na yakuwa da alayyafo, waɗanda aka saba mantawa da su sai ranar da aka zo tara kuɗi.

Aikinta na fari awo ne, ba kuwa mai wuya ba. A zaɓi rijiya biyu ko uku, kowace Juma'a da asuba kafin a tayar da inji a zura igiya mai ƙulli a ga inda ruwa ya tsaya, wani ɗan makaranta ya rubuta a littafi. Shekara biyu ana wannan, jama'a za su san ƙwaryarsu, su san ko eka nawa take ɗauka. Daga nan sauran magana ta yi sauƙi. A yarda da tazarar da za a bari tsakanin rijiya da rijiya. A yarda in ruwa ya sauka zuwa ƙulli kaza, an shiga kwana-kwana, gabas yau, yamma gobe, ban-ruwa kuma da sassafe ko da yamma, ba da tsakar rana ba. Abin da ya fi duka wuya shi ne zancen shinkafa. Kuɗinta na da daɗi, amma a ƙasa mai yashi tana shan ruwan da ya ninka na albasa ko alkama, har ya fi. Inda fadama ke da laka da fāɗi, kamar waɗansu wurare a ƙasar Gummi, sai a yi ta. Inda siririya ce bisa dutse, mutum ɗaya mai eka biyar ta shinkafa yana iya shanye rabon mutum ashirin. Wannan magana ba mai iya gaya masa ita ya ji sai taron waɗanda yake haɗuwa da su a masallaci da wurin jana'iza. Haka kuma lokacin shuka. Alkama tana son a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba don ta sami sanyin hunturu, wanda ya yi latti ya jawo wa kansa hasara, ya kuma ja ruwan jama'a cikin watan da ya fi ƙaranci.

Akwai abu biyu kuma da yankin nan ya keɓanta da su, ba kuwa a iya tsallake su. Na ɗaya mashaya. Gurabun nan da masu lambu ke kafa inji a kansu, su ne inda shanu ke sha tun kaka da kakanni. In aka shinge gaɓa duka da lambu, aka toshe burtali, makiyayi ya iso da garke mai ƙishi da la'asar, kowa ya san abin da ke biyowa, ƙasar Zamfara kuwa ta biya kuɗin irin wannan rigima da jini. Ƙungiyar da ta san abin da take yi, da arɗo za ta zauna tun kafin a kafa shinge, a bar hanya mai fāɗi zuwa ruwa, a sa mata alama, a keɓe gurbin da inji ba zai taɓa ba. Bayan girbi kuma shanu su ci kara su bar taki, kamar yadda ake yi dā. Na biyu wankin zinariya. An hana haƙar ma'adinai a jihar a 2019, aka ɗage hanin a watan Disamba 2024. Duk inda ake niƙa dutse ana wanke shi, dalma na iya zama cikin laka, ba ta ruɓewa, ba a ganinta da ido. Kada a yarda a wanke dutse a tafkin da ake shayar da lambu ko dabba, kada kuma a kwashi ƙasar wurin niƙa a kai gona. Wannan doka ko da ita kaɗai ƙungiya ta tsare, ta biya kuɗin kafa ta.

Saura babbar magana, wadda mai karatu na yankin yake ta jira a zo kanta. Ina amfanin zancen igiya da ƙulli ga mutumin da ba ya iya zuwa gonarsa? Gaskiya ne. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka da yawa, sun sa wa waɗansu haraji kafin su shuka da kafin su girbe, harin da aka kai ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon Janairu 2022 kuwa har yanzu ba a manta da shi ba. Garin Anka ya ɗauki shekaru yana riƙe da 'yan gudun hijira. Ba ƙungiyar manoma da za ta magance wannan, aikin Gwamnati ne, shi ne kuma na farko a kanta. Amma a lura, wannan hali shi ya ƙara wa fadamun da ke kusa da manyan garuruwa daraja da cunkoso. Wanda ya baro gonar tudu mai nisa, bakin gulbin da ke kusa da gari yake neman ɗan fili aro. Mutane sun ƙaru, ruwa bai ƙaru ba. In ba tsari, baƙon da ya rasa kome shi za a fara turewa. Ƙaramin inji kuma yana da wani amfani a irin wannan zamani, ana ɗaura shi a babur a kai shi gida da magariba, abin da ba a iya yi wa dam.

Ban da tsaro, abin da ake nema wurin hukuma bai kai kuɗin babban dam ko kusa ba. A gyara hanyoyin da ke fita daga fadama zuwa titin Anka da Daki Takwas da Gummi, domin tumatir ba ya jiran mota kwana biyu. Malaman gona su koya wa mutane gina rumbun albasa mai shan iska, gama wanda ya sayar ranar girbi, sa'ad da kowa ya kawo tasa kasuwa, ɗan kasuwa ya yi wa noma, wanda ya iya ajiye ta wata uku ko huɗu kuwa shi ke cin ribar. Masana ruwa su auna su faɗa wa kowace gunduma zurfin yashinta. A ƙananan rafukan da ke zuba cikin gulbi, inda dutse ke kusa, a gwada ɗan bangon nan da ake ginawa a gicciye don ya tare yashi da ruwan cikinsa, irin wanda mutanen Machakos da Kitui na ƙasar Kenya suka daɗe suna ginawa da aikin gayya, hukuma ta kawo siminti da mai awo, jama'a su kawo dutse da ƙarfi. Rance kuma a ba ƙungiyar da ta nuna littafin awonta na shekara biyu, a bar bin jerin sunaye.

Sarakuna su ma da nasu. Sarkin Zamfaran Anka, da Sarkin Mafaran Gummi, da Sarkin Dankon Bukkuyum, da iyayen ƙasa da hakimansu, su ne za su sa albarka ga abin da masu lambu suka yarda da shi, don in an ci wani tara ya san ba wurin gudu. Amma sa albarka dabam, naɗa shugaba dabam. In aka ɗora wa ƙungiya ɗan fada ko mai eka hamsin, ranar da ruwa ya yi ƙasa shi zai fara karya doka, ba kuwa mai iya buɗe baki. A bar masu lambu su zaɓi nasu, shekara-shekara, su sauke shi in ya karkata.

Lokacin zaman kuwa watan Oktoba ne, da ɗaukewar ruwa, kafin kowa ya zuba irin albasa ko ya biya masu haƙa. In aka bari sai Fabrairu, kowa ya riga ya binne kuɗinsa a ƙasa, ba mai yarda ya rage ko fangali ɗaya, zaman sai ya koma faɗa. Kayan da ake bukata ranar farko, igiya mai tsawon mita 10 da aka ƙulla kowane rabin mita, da ɗan ƙarfe a bakinta, da littafin makaranta guda.